Da Wane Suna Za Ta Kira Shi?

(Laccar da aka gabatar a zauren Ƙungiyar Ɗalibai, a daren da aka keɓe domin tattauna fina-finan ƙasashen waje)



Sa'ad da Sakataren Ƙungiya ya same ni ya ce ana so in yi magana a kan fim, na tabbata ya ɗauka labarin Indiya zan kawo muku, ko na kaboyi. Da na gaya masa abin da na zaɓa sai ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Malam, ba wani?" Na ce masa babu. To, in kun ga wani abin zargi a wannan dare, ni za ku kama, shi kam ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Fim ɗin da zan yi magana a kansa ɗan ƙarami ne, na ƙasar Denmak, ba na manyan kamfanonin Amurka ba. Sunansa a harshensu En helt almindelig familie, watau kamar a ce "Iyali Kamar Kowane Iyali". Wata mata ce mai suna Malou Reymann ta shirya shi, shi ne kuwa dogon fim ɗinta na fari, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na birnin Rotadam, a ƙasar Holan, cikin Janairun 2020. Labarin wata yarinya ne 'yar shekara 11, Emma, wadda mahaifinta ya sauya jinsi, ya bar zama namiji ya koma zaman mace. Ba ƙagen banza ba ne, gama ita Malou Reymann ɗin abin da ya faru ke nan a gidansu tana da waɗannan shekaru. Amma ba fim ɗin kaɗai ya kawo ni ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da mutane su ke faɗa bayan an kunna fitila, domin na lura kowa da wanda ya ke kallo a cikin labarin, kuma wanda ka zuba wa ido shi ke yanke maka hukuncin da za ka fita da shi.

Kafin in shiga labarin akwai wata wahala da harshenmu ya ɗora mini, wadda Bature bai san da ita ba. A Turanci da harshen Denmak, in kana magana da mutum ido da ido, kalma ɗaya ce ta "kai" da "ke". Yaro yana iya yini yana hira da mahaifinsa bai furta abin da zai nuna namiji ne ko mace ba. Mu kuwa ba mu da wannan mafaka. Ko "sannu da zuwa" ka wuce, jimla ta biyu sai ka zaɓa: ka zo, ko kin zo. Saboda haka zan bi yadda fim ɗin ya bi, in ce "shi" a inda ya ke Thomas, in ce "ita" a inda ya koma Agnete, ba don na yanke wata fatawa ba, sai don ku gane wurin da mu ke a cikin labarin.

Ga yadda abin ya ke. A ƙarshen shekarun 1990, ga magidanci Thomas da matarsa Helle da 'ya'yansu mata biyu, Caroline babba da Emma ƙarama. Emma 'yar ƙwallon ƙafa ce, ubanta ne kuwa ya sa mata son ƙwallon, shi ke tsaya mata a bakin fili. Wata rana ana zaune ana cin abinci, sai uwar ta ce za su rabu, dalili kuwa babanku yana so ya zama mace. Daga nan har ƙarshe, kimanin sa'a ɗaya da rabi, na'urar ɗaukar hoto ba ta rabuwa da fuskar Emma. Ba a shiga da mu asibiti ba, ba a zaunar da mu an yi mana bayanin abin da Thomas ya daɗe yana ji a ransa ba. Abin da yarinya ta gani shi mu ke gani, abin da aka ɓoye mata mu ma an ɓoye mana. Jefi-jefi sai a sako guntayen bidiyo irin na gida, na lokacin tana jaririya a hannun ubanta, domin mu san abin da ta ke ganin ya kuɓuce mata.

Akwai wuri guda da duk wanda ya ga fim ɗin ba ya mantawa. An tara iyalin a ofishin mai ba da shawara, ranar da yaran za su fara ganin mahaifinsu cikin tufafin mata. Emma ta ɗauki mayafin wuya ta naɗe kanta da fuskarta ɗungum, ta zauna a haka, ana magana tana ji amma ta ƙi gani. Yayarta ta karɓi abin da sauƙi, har ta sami abokiyar hirar kwalliya. Ita kuwa Emma abin da ke ƙona mata rai ba rigar ba ce. Ta ga Agnete ta fara yi kamar ƙwallo bai taɓa damunta ba, watau abu ɗaya da ya haɗa su an jingine shi tare da tsofaffin tufafi. Da suka je hutu tsibirin Mayoka, baƙin da ba su san su ba suka ɗauka Agnete uwar yaran ce, ita kuma ba ta gyara musu ba. Nan ne ran yarinyar ya fi ɓaci, domin tana da uwa, ba ta neman ta biyu. Uba ta rasa.

To, me 'yan kallo suka ce? Bari in fara da na can, inda abin ya faru. Sai ku tuna Denmak ba baƙuwar wannan al'amari ba ce. A birnin Kopenhagen aka yi wa Ba'amurkiyar nan Christine Jorgensen tiyata a 1952, labarin ya cika jaridun duniya. A 2014 majalisarsu ta yi dokar da ta ba wanda ya kai shekara 18 damar sauya jinsinsa a takardun hukuma ba tare da tiyata ba, bayan jiran wata 6, a 2017 kuma suka cire abin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Saboda haka gardamar da aka yi a can ba ta halacci ko haramci ba ce. A Rotadam fim ɗin ya ci wata lamba wadda alƙalanta ba masana ba ne, 'yan kallo ne aka zaɓo daga cikin jama'a, wannan kuwa shaida ce cewa ya taɓa zukatan mutane na yau da kullum. Amma ba a rasa masu ƙorafi ba, kuma ta fuska biyu suka zo. Waɗansu suka fita suna jin haushin Agnete, suna ganin son kai ya yi mata yawa, ta fifita bukatarta a kan 'ya'yanta. Waɗansu kuma suka ji haushin mai fim ɗin, suka ce ta tauye Agnete, ta bar ta ba baki, ba a ba ta ko minti biyar ta faɗi irin azabar da ta sha kafin ta kai ga wannan shawara ba. Ku duba fa, fim ɗaya, waɗannan sun ce an yi wa uban sassauci, waɗancan sun ce an yi masa rowar adalci.

Sai kuma wata gardama da ta fi waɗannan ƙara, wadda mu a nan za ta ba mu mamaki, watau wa ya cancanci ya fito a matsayin mai sauya jinsi. Wanda ya fito a Thomas da Agnete shi ne Mikkel Boe Følsgaard, namiji ne da bai sauya kome ba, sanannen ɗan wasa wanda ya ci lambar yabo a Balin a 2012 da ya fito a sarkin Denmak Christian na 7. Masu sauya jinsi da magoya bayansu sun daɗe suna cewa ɗora wa namiji rigar mata a fim yana koya wa jama'a cewa abin nasu shiga ce kawai ta wasan kwaikwayo, sa'an nan yana hana nasu 'yan wasan aiki. Maganar ta yi ƙarfi har Scarlett Johansson ta janye daga wani fim a 2018, Eddie Redmayne kuma ya ce a 2021 kuskure ya yi da ya karɓi fitowa a The Danish Girl. Hujjar Malou Reymann ita ce tana bukatar wanda zai iya nuna mutumin kafin sauyin da bayansa, tun da abin da 'yarsa ta gani ke nan. Alhali kuwa a 2005, da aka yi Transamerica a Amurka, labarin wata mai sauya jinsi da ta gano tana da ɗa saurayi, mace ce, Felicity Huffman, ta fito a matsayin, aka yi ta tafa mata, har ta ci lambar Golden Globe, ta shiga takarar Oscar. Shekara 15 kacal tsakanin fina-finan biyu, abin da aka yaba jiya ya zama abin tuhuma. Ni dai abin da na lura da shi, duk tsawon wannan muhawara idanu suna kan babba. Yarinyar da aka yi fim ɗin dominta tana zaune a gefe da mayafi a ka.

Yanzu bari in dawo da ku gida, domin ni ba a Turai na ga fim ɗin ba, a falona na gan shi, mu biyar, bayan sallar isha'i. Ban gaya wa baƙina kome a kansa ba sai cewa na iyali ne. Na san wannan wayo ne, na kuma nemi gafararsu daga baya.

Na farko, wani abokina ma'aikacin gwamnati, bai kai minti ashirin ba ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ya ce, "Malam, me ya kai mu kallon wannan? Mutanen da suka ƙoshi har suka rasa abin yi, su za mu zauna muna tausaya wa?" Ban riƙe shi ba, ba kuwa na raina ra'ayinsa, domin na san da yawa daga cikinku nan ne kuka tsaya. Hukuncin malamanmu a kan namiji ya kamanta kansa da mace sananne ne, hadisin yana cikin Buhari, ni kuwa ba mai fatawa ba ne balle in ƙara ko in rage. Abin da kawai na ce masa washegari shi ne ya fita ne a kan Thomas, bai tsaya ya ga Emma ba, ita kuwa ba ta sauya kome ba, ba ta kuma zaɓi gidan da aka haife ta ba.

Na biyu ɗalibin shari'a ne, irin waɗanda ko labarin gizo ka ba su sai sun tambaye ka wa zai ci gado. Shi bai motsa ba har ƙarshe, sa'an nan ya gyara zama ya ce abin da ya dame shi shi ne walicci. In da yarinyar nan tamu ce, ranar ɗaurin aurenta wa zai ba da ita, tun da a mazhabarmu ta Malikiyya uba ne waliyyin budurwa na fari, mace kuwa ba ta ɗaura aure? In kuma ta riga shi mutuwa, rabon uba zai ɗauka ko na uwa? Ya tuna mana cewa malaman fiƙihu ba su taɓa jin kunyar irin waɗannan tambayoyi ba, har Muhtasar na Shehu Halil da mas'alar mata-maza ya rufe, inda ake ba wanda aka kasa rarrabewa rabin rabon namiji da rabin na mace. Amma nan take ya ce wannan dabam ne, domin mata-maza halitta ce da aka haifi mutum da ita a jiki, Thomas kuwa ba haka ya ke ba. Ƙarshen bincikensa dai, nasaba ba ta sauyawa, wanda ya haife ka ta wajen uba shi ne ubanka ko wace riga ya sa. Sai na ce masa, "To, ai kai da Emma bakinku ɗaya." Ya yi dariya, ya ce bai taɓa tsammanin zai yi tarayya da 'yar Denmak a mas'ala ba. Ban faɗi wannan don ba'a ba. Abin da yarinyar ta ke faɗa a kai tun farko har ƙarshe ke nan, a bar mata kalmar "baba".

Ta uku ita ce ta sa na yanke shawarar kawo muku wannan magana. Malamar makarantar sakandare ce, mai 'ya'ya uku, ba ta da yawan magana. Da aka gama sai na ga tana share ido da gefen gyale. Ta ce ita ba ta ga fim a kan sauya jinsi ba, fim ta gani a kan saki. Tana aji biyar na firamare aka saki uwarta, ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata, ta dawo daga makaranta ne ta tarar an kwashe jere, ɗakin sai sawun gado a ƙasa. Bayan wata biyu aka kawo amarya aka ce ta riƙa ce mata Umma. Ta ce shekara guda ta yi ba ta kira matar da kowane suna ba, in tana son magana da ita sai ta tsaya a gabanta har ta ɗago. Da ta ga Emma ta naɗe kai da mayafi, ta ce, ta san abin da ke cikin mayafin nan. Manya sun gama shawararsu, sun zo suna neman yaro ya sa hannu, har su ce ya yi murmushi.

Falon ya yi tsit. Mijinta ne na huɗu, shi kuwa abu ɗaya ya faɗa, amma ya yi nauyi. Ya ce kowa yana ta Thomas da Emma, ba wanda ya tambayi Helle, matar da ta wayi gari auren shekara da shekaru ya zama tambaya, ga yara biyu, ga surutun maƙwabta, sa'an nan ana bukatar ta zama mai haƙuri da fahimta a gaban kowa. A nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma a ganina nan ne raunin fim ɗin ya ke. An wuce ta da sauri ƙwarai. Wani raunin kuma, gidan masu hali ne, ba a rasa kuɗin mai ba da shawara ko na hutu a bakin teku ba, talauci bai leƙo ya ƙara wa ciwon gishiri ba.

Wani zai ce duk wannan na Turawa ne, ina ruwan Bahaushe. Lalle sauya jinsi ta hanyar likita da takardar hukuma ba abin da muka sani ba ne a garuruwanmu, kuma kada a ce na ce ɗan daudu da Agnete abu ɗaya ne, gama yawancin 'yan daudu maza su ke ɗaukar kansu. Amma wa ke cikin zauren nan da bai taɓa sayen abinci a hannunsu a tasha ko bakin kasuwa ba? Wani Ba'amurke mai nazarin harshe, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya kuma fitar da littafi a kansu a 2009, ya nuna abin da mu ma mun sani muna kau da kai, cewa da yawansu suna da aure, suna da 'ya'ya, da cinikin tuwon nan su ke ciyar da gida. A fina-finanmu ɗan daudu abin dariya ne, har marigayi Rabilu Musa Ibro ya taɓa fitowa a haka muka sha dariya. To, ɗansa fa? Yana nan a wani aji, ana kiran rajista da sunan ubansa, yara suna kwaikwayon tafiyar uban a filin wasa, shi kuwa da yamma hannun nan da ake kwaikwayo shi zai miƙo masa kuɗin littafi. Ku da za ku zama malamai da alƙalai da jami'an jin daɗin jama'a, wannan yaro zai zo gaban teburinku, ko kun ga fim ɗin Denmak ko ba ku gani ba.

Ba na tsammanin Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, za ta bar irin wannan fim ya shiga kasuwa, ba kuma roƙon haka na zo yi ba. Iyakar abin da na ke yaba wa Malou Reymann shi ne ta ƙi zama lauya. Da ta so, da ta wanke mahaifinta tas, ko ta yi masa tonon silili, duka biyun kuwa da sun sami masu tafi. Sai ta nuna Agnete da ƙauna da son kai a haɗe, ta nuna Emma da gaskiya da taurin kai a haɗe, har zuwa inda Agnete ta ƙaura Landan wajen aiki, yarinyar da ta ƙi kallonta ta koma kewarta.

Na ga Shugaba yana duban agogo, saboda haka bari in koma kan wahalar harshen nan da na fara da ita. Da baƙina za su tafi a daren nan, na tambayi malamar, in da za a juya fim ɗin zuwa Hausa, yaya Emma za ta yi magana da mahaifinta, "ka" za ta ce ko "kin"? Ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura wa ƙaramin ɗanta takalmi, ta ce ai 'yar da ta sami tarbiyya ba ta ce wa mahaifinta "ka" tun asali. "Kun dawo lafiya, Baba?" za ta ce, kamar yadda ta saba. Ɗalibin shari'a ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa, ya bi su a baya da fitilar wayarsa domin an ɗauke wuta.

 Wanda ke da tambaya, ga ni.